Buluberi da kayan marmarin bazara a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya sauka a gabashin Amurka cikin watan Yuli, daidai lokacin da damina ta zauna a gida, zai tarar da kantuna da rumfunan bakin titi maƙil da wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗɗa a cikin 'yan robobi. Sunansu buluberi. Sabbin ɗalibai da iyayen da suka zo ganin jikoki kan yi ta tambaya a kansu, kuma kusan kullum tambayoyin ke nan.

Wai mene ne shi, yaya kuma ɗanɗanonsa?

Girmansa bai wuce na magarya ba, wani ma bai kai ba. Launinsa tsakanin shuɗi da baƙi ne, kamar nunanniyar ɗinya, sai dai shi ba ƙwallo a ciki. A ƙasansa akwai ɗan kambi mai tsini biyar. Yana da zaƙi da ɗan tsami-tsami. Wanda bakinsa ya saba da mangwaron Binuwai yakan ce lami ne, kuma sau tari yana da gaskiya, domin wanda aka ba shi ba na lokacinsa ba ne.

Daga ina ya samo asali?

Ɗan Arewacin Amurka ne. 'Yan asalin nahiyar sun daɗe suna tsinkarsa a jeji, su shanya, su haɗa da busasshen nama da kitse su yi guzuri. Amma duk wanda ya ciro shi ya dasa a lambu sai ya ga ya ƙi. Wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Frederick Coville, shi ya gano dalili: itacen ƙasa mai tsami yake so, irin wadda yawancin amfanin gona ba sa so. Da Elizabeth White, 'yar wani manomi a Whitesbog ta jihar New Jersey, ta karanta rahotonsa na 1910, sai ta gayyato shi gonar mahaifinta. Ta riƙa biyan mutanen yankin da suka san jeji su nemo mata bishiyoyi masu manyan 'ya'ya, har takan raɗa wa bishiya sunan wanda ya samo ta. A 1916 suka kai na farko kasuwa. Ke nan nomansa bai jima da cika shekara ɗari ba.

Yaushe ya fi dacewa a saya?

Nan ne maganar take. Kaka tana farawa daga kudu tana hawa arewa: Florida wajen Afrilu, sai Georgia, sai New Jersey daga tsakiyar Yuni, sai Michigan, Oregon da Washington a Yuli da Agusta, har zuwa Kanada. Da sanyi ya shigo, abin da ke kanti daga Peru, Chili ko Meziko ya fito. A Ingila da sauran Turai kuwa za ka ga na Sifaniya, Maroko da Afirka ta Kudu. Duba jikin robar, akwai sunan ƙasar.

Ba wai na waje yana da aibi ba. Matsalar ita ce wanda zai yi makonni a jirgin ruwa dole a tsinke shi da sauran ƙarfinsa, shi kuwa buluberi ba kamar ayaba ba ne da za ka rufe a kwali ta nuna. Zaƙin da ya baro bishiya da shi, kusan shi ke nan. Ga kuma kuɗi: a Janairu 'yar roba mai giram 170 ake miƙo maka da tsada, a Yuli kuwa sai ka samu mai ninkinta ko fiye cikin rahusa.

Ta yaya zan gane mai kyau?

Ɗaga robar ka leƙa gindinta. In ka ga ruwan shuɗi ya ɓata ƙasan, ko wasu sun lotse sun manne, ajiye ta. In ka hango farin gashi-gashi ko a jikin ɗaya, fumfuna ce, kuma tana saurin kama maƙwabta. Ka ɗan girgiza: masu kyau gangarawa suke yi ɗaiɗai. Wanda ke da ja-ja a wajen hancinsa bai ida nuna ba, tsami zai yi.

Sai wannan fari-farin da ke jikinsa kamar ƙurar hunturu. Na ga wata hajiya ta zauna tana goge shi ɗaya bayan ɗaya da bakin mayafi, wai maganin feshi ne. Ba shi ba ne. Wani kakin halitta ne da ke hana ɗan itacen bushewa, kuma yawansa alama ce hannu bai jagwalgwala kayan ba.

Ana cewa akwai gonakin da mutum ke tsinka da kansa?

Akwai, kuma in da hali nan za ka je. Kewayen garin Hammonton na New Jersey da yammacin Michigan cike suke da su. Za a ba ka bokiti ka rataya a ƙugu, ka shiga layi, a auna maka a bakin ƙofa ka biya. Dabarar ita ce kada ka fizga. Tara tafin hannu a ƙarƙashin tsagin, ka murza da babban yatsa a hankali: nunannun za su zubo da kansu, wanda ya ƙi ka bar shi, ko da ya yi shuɗi, domin launi yana riga zaƙi zuwa da 'yan kwanaki. A yi sammako, rana ta Yuli a can ba ta da wasa.

Na jeji fa?

Wannan na jihar Maine ne da gabashin Kanada. Gajeren tsiro ne da ba a shuka shi, kula da shi kawai ake yi, a girbe a Agusta. 'Ya'yansa ƙanana, amma sun fi ƙamshi da kaifin ɗanɗano. Da yake ba ya jure tafiya, kusan duka daskararre ake sayar da shi.

Ajiya fa?

Kada ka wanke sai za ka ci, ruwa ne ke jawo ruɓa. A firji yakan yi mako guda ko kwana goma. In ka jido da yawa, baza shi a faranti ka sa a firiza, in ya daskare ka juye a leda. Ta haka ba zai dunƙule ba, kuma zai kai ka watanni.

Da gaske ne magani ne?

Abinci ne mai kyau, ba magani ba. Giram 100 yana da kalori kusan 57, da harza, da bitamin K, da sinadarin da ke ba shi launi wanda masu bincike ke ta nazari a kai. Amma bitamin C ɗinsa wajen miligiram 10 ne kacal, alhali gwaiba mai nauyin haka ta haura 200. Don haka wanda ke Kano ko Yamai ba shi da dalilin zuba dubbai a kan 'yar robar da aka yo wa jigila ta jirgin sama don neman lafiya, sai dai marmari. Mai ciwon suga kuma kada ya ajiye maganinsa saboda wani bidiyo.

Me kuma ake samu a wannan lokaci?

Sitiroberi, wani jan ɗan itace mai laushi da ƙamshi, shi ne ke buɗe fage a Yuni a jihohin arewa, sai ceri, ɗan ƙarami ja mai ƙwallo a ciki, wanda garin Traverse City na Michigan ke yi wa biki duk Yuli. Pich, wani ɗan itace mai girman lemo da ƙwallo a ciki, shi yana yin laushi bayan an tsinka, sai a bar shi a kan tebur har ya fara ƙamshi. Agusta ta tumatir ce da kankana da masara. Tumatirin gona ba ya son firji, sanyi na dakushe masa ɗanɗano. Masararsu mai zaƙi kuwa ba irin tamu ta tuwo ba ce: tafasa ta minti biyar ta ishe ta, kuma ranar da aka saya ake ci, don zaƙin komawa gari yake yi.

Da me zan ci buluberin?

Su a fanke da kek suke sawa. Ni na fi son sa a kindirmo, ko a watsa a kan koko mai zafi ya ɗan faffashe. Da fura ma yana tafiya. A dai tuɓe farar shadda kafin a zauna, tabonsa ba ya jin sabulu.