Shin shiga ƙungiyar zumunta ta maza na kawo dukiya?

An daɗe ana cewa wanda ya shiga ƙungiyar zumunta ta maza, irin waɗanda suka bazu daga Ingila tun ƙarni na 18, sai ya ba da jini kafin arziki ya zo masa. Ɓoye rantsuwarsu da suke yi ne ya ƙara wa zancen ƙarfi.

A zahiri, mai neman shiga, takarda yake cikewa, a tattauna da shi, mambobi su kaɗa ƙuri'a. In an karɓe shi, shi ne ma mai biya: kuɗin shiga, na shekara, da gudummawar jinƙai.

Ƙungiyoyin asiri masu aikata laifi kuwa, lamarinsu daban ne. Don tantancewa, a duba ko ƙungiya na da rajista, a karanta kundin dokokinta.

Don Allah a tura wa wasu.