Hasken ɗaukar bidiyo a gida

Hasken ɗaukar bidiyo a gida shi ne tsara inda haske zai fito da yadda zai sauka a fuskar wanda ake ɗauka, na fitila ne ko na rana. Idon kyamarar salula ƙarami ne, da zarar haske ya yi ƙaranci sai hoto ya yi dishi-dishi, komai tsadar wayar.

Tsarin da aka gada daga masu shirya fim na fitila uku ne. Babbar tana zama gaba, ta karkata gefe kamar digiri 45, ta ɗan ɗara ido tsawo. Ta biyu, mai rauni, tana ɗaya gefen don rage inuwa, ta uku kuma a baya don ta raba mutum da bango. A gida ba dole sai ukun ba: farin zane ko kwalin da aka manna wa farar takarda yana maido da haske, ya yi aikin ta biyu.

A Damagaram rana ba ta yi kaɗan ba, yawa ta yi. Da tsaka tana dukan ka daga sama, idanu su faɗa cikin inuwa, goshi ya yi ta ƙyalli. Shi ya sa hantsi da bayan la'asar suka fi, ko kuma ƙarƙashin rumfa. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tausasa hasken, sai dai yana kashe kala. Cikin ɗaki kuwa akasin haka ne, musamman tsofaffin gidajen ƙasa na Birni, tsohuwar unguwar garin, masu ƙananan tagogi. Nan ƙofar zaure ita ce babbar fitila, muddin mai magana ya fuskance ta. In ya ba ta baya, waya za ta auna hasken waje, fuska ta koma baƙi ƙirin. Farar shadda ma takan jawo haka. Maganinsa a taɓa fuskar a kan allon waya kafin a soma ɗauka.

Tazara ta fi ƙarfin fitila tasiri: in aka ninka nisa sau biyu, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu. Ana auna kalar haske da wani ma'auni da ake kira Kelbin. Ƙwan fitila mai haske ruwan ɗorawa yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana wajen 5600, kuma haɗa su a fuska ɗaya yana ɓata launin fata.

Wutar lantarkin Nijar hertz 50 ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, alhali yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, abin da kan sa zane-zane su riƙa yawo a bidiyo ƙarƙashin fitila mai araha. Ana gyara wannan ta mayar da kyamara kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa. Fitilar LED mai batir ba ta cika jawo wannan matsalar ba, ba ruwanta da ɗaukewar wuta, kuma ba ta cika ƙara wa ɗaki zafi da bazara ba.