Ɗantata (sunan zuri'a)

Ɗantata sunan wata zuri'ar fatake ce ta birnin Kano. Yana cikin sunaye ƙalilan a ƙasar Hausa da ake gadonsu daga kaka zuwa jika har zuwa tattaɓa-kunne ba tare da sun sauya ba. Duk masu ɗauke da shi ta hanyar gado suna komawa ne ga mutum guda, Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a shekarar 1877, ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. Sunan ya yi tashe ƙwarai saboda dukiya da kasuwancin gidan, amma masu amsa shi ba su da yawa, domin bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba da zama sunan gado, kuma ta ɓangaren 'ya'ya maza kaɗai yake wucewa.

Asalin sunan

Sunan ya haɗa kalmar "ɗan" da sunan mace, Tata. Tata ba mahaifiyar Alhassan ba ce. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau, ya rasu wajajen 1885 Alhassan yana yaro. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai hannu da shuni. Bayan rasuwar mijinta ta koma Akara, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta bar yaran a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. A hannunta Alhassan ya tashi, sai mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata, wato yaron da Tata ke riƙo.

Saboda haka sunan laƙabi ne, ba nasaba ba. A shari'ar Musulunci ana danganta mutum ga ubansa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarta, kuma ta wannan fuska sunansa Alhassan ɗan Abdullahi. Sai dai Bahaushe ya saba kiran yaro da sunan wanda ya gan shi a hannunsa, ko kaka ce, ko gwaggo, ko mai reno, ba tare da wani ya ɗauka an canza masa uba ba. Irin wannan laƙabi yakan bi mai shi kabari. Na Alhassan bai bi shi ba, har ya rufe sunan mahaifinsa da na kakansa, waɗanda su ma manyan fatake ne a zamaninsu. Sunan wata baiwa da ba ta bar dukiya ko sarauta ba shi ne yau a jikin kamfanoni da gadoji.

Zuri'ar kafin sunan

Gidan na Agalawa ne. Agalawa jama'a ce da kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa ta arewa, suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, suka rikiɗe Hausawa a harshe da al'ada, suka riƙe fatauci a matsayin sana'ar gado. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Ayarinsu kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu, ya ƙetare kogin Kwara ta wajajen Yawuri, ya ratsa Bargu, ya isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, ya komo da goro. Tafiya da dawowa kan cinye watanni da dama.

Tarihin gidan ya nuna cewa Baba Talatin ne ya taso da iyalin daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi, kudu da Kano. Ɗansa Abdullahi ya ci gaba da fatauci daga can, daga baya ya koma Bebeji, wadda zango ce a kan hanyar ayari. A wancan lokaci babu wani suna guda da ya haɗa iyalin. Abin da ke haɗa su shi ne asali, wato kasancewarsu Agalawa, da garin da suke zaune. Bafatake yana samun bashi da masauki a Salaga ne saboda an san ubansa da jama'arsa.

Ƙuruciyar Alhassan ta zo daidai da rikice-rikice biyu da suka girgiza wannan sana'a. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro, fatake suka watsu zuwa Karachi ta ƙasar Ghana (Kete-Krachi) da Kumasi da Akara. Sannan Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, inda ƙauyuka da yawa na kudancin Kano suka ɗanɗana kuɗarsu. Ana ba da labarin cewa an kama Alhassan a wannan yaƙi, daga baya ya fanshi kansa. Bayan ƙura ta lafa ya shiga fataucin goro, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Ghana zuwa Legas maimakon bin doguwar hanyar ƙasa.

Yadda laƙabi ya zama sunan gado

A al'adar Hausawa mutum yana da sunan yanka, sai a haɗa masa da sunan ubansa. Idan Musa ɗan Garba ya haifi Sani, yaron Sani Musa ne, ɗansa kuma zai zama wane Sani. Sunan Garba ya fita daga lissafi a tsara ta uku. Da makarantun boko suka zo, malamai suka riƙa bambanta ɗalibai masu suna iri ɗaya da garuruwansu, shi ya sa aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ne a lokacin da yake ɗalibi a Kwalejin Katsina. Sunan gari kuwa ba ya nuna jini, domin duk ɗan garin yana da haƙƙin ɗaukarsa.

Ɗantata ya bi wata hanya dabam, kuma gyaɗa ce ta share masa ita. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kamfanonin Turawa suka fara rububin sayen gyaɗa. Baturen kamfani bai san manomi ba, bai san ƙauye ba, sai ya nemi attajiran gari ya ba su kuɗi tun kafin kaka, su kuma su raba wa yaransu su shiga ƙauyuka su sayo. Dukan harkar a kan amana take. Alhassan ya zauna a unguwar Koƙi, kuma a 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya, a 1929, ya narke cikin kamfanin United Africa Company (UAC). Littafin kamfani yana buƙatar suna guda tabbatacce da zai raba wannan Alhassan da sauran Alhassan ɗin da ke cike da Kano, sai laƙabin ya shiga takarda. A 1929, da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20, labarin da har yau ake bayarwa a birni. Ya zuwa shekarun 1940 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, kuma sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa, wadda kowace guda kan ci buhu kimanin 15,000.

Mataki na ƙarshe shi ne wasiyyarsa. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya hore su kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. An binne shi a gidansa na unguwar Sarari. Ga 'ya'yan, sunan ya riga ya zama jari: da shi banki ke ba da rance, da shi kamfani ke ba da kaya bashi, da shi manomi ke yarda ya ba da gyaɗarsa. Wanda ya ajiye shi ya koma wane Alhassan kawai ya yar da abin da ya fi gadon kuɗi daraja. Wannan ne dalilin da ya sa sunan ya tsallake tsara ta uku, inda sunayen Hausawa suka saba tsayawa. Haka abin ya faru da gidaje irin su Bayero da Dasuƙi da 'Yar'aduwa, sai dai su sarauta da siyasa ne suka riƙe sunan, a nan kuwa kasuwa ce.

Rassan gidan

Ana ambaton 'ya'ya 17 ga Alhassan. Huɗu daga cikin maza sun fi fitowa fili. Ahmadu shi ne ya karɓi ragamar kamfanin bayan rasuwar uban, amma bai daɗe ba, ya rasu a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya yi fice a cinikin gyaɗa da shanu da sufurin manyan motoci, kuma ɗansa Abdulƙadir yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin gine-gine na Dantata and Sawoe a shekarun 1970. Mahmud, wanda Kanawa ke kira Mamuda, ya shiga harkar jigilar alhazai, kuma daga gajeren sunan kamfaninsa na alhazan Afirka ta Yamma aka sami sunan Wapa, wurin da 'yan canji suke a Fagge; ya rasu a 1983. Aminu, haifaffen 19 ga Mayu, 1931, ya jagoranci kamfanin gidan daga 1960, ya yi kwamishina a Jihar Kano a zamanin mulkin Audu Baƙo, ya kuma zama uban Jami'ar Al-Ƙalam ta Katsina. Ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni, 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina.

A tsarar jikoki tsarin sunan ya daidaita zuwa kashi uku: sunan yanka, sunan uba, sannan Ɗantata. Suna irin Abdulƙadir Sanusi Ɗantata ko Tajuddin Aminu Ɗantata yana gaya wa mai ji reshen da mutum ya fito tun kafin ya tambaya. Sunan tsakiya shi ne mabuɗin, wanda ya jefar da shi ya rasa hanyar gane reshe.

Yaɗuwa

Cibiyar sunan ita ce cikin birnin Kano, musamman Koƙi da Sarari da kewayensu, sai sababbin unguwannin da iyalin suka faɗaɗa zuwa cikinsu. Bayan Kano akwai masu sunan a Abuja da Legas, inda harkokin gine-gine da man fetur suka kai su. Kamfanin mai na MRS, wanda Sayyu Ɗantata ya kafa, a Legas yake da hedikwata. Tsohuwar alaƙar gidan da Akara ta samo asali ne tun daga zaman Amarya a can.

Abu biyu ne suka taƙaita yawan masu sunan. Na farko, tushensa mutum ɗaya ne, ba kamar Bello ko Abubakar ba da dubban gidaje marasa dangantaka ke amsawa. Na biyu, 'ya mace tana riƙe sunan har bayan aure, amma 'ya'yanta na mijinta ne. Fitaccen misali shi ne Aliko Ɗangote, haifaffen 1957. Mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata ce, kuma bayan rasuwar mahaifinsa a 1965 a gidan kakan nasa ya tashi, amma sunan gidan ubansa yake ɗauke da shi. Don haka jinin Alhassan ya fi sunansa yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma duk lissafin da ya tsaya ga masu amsa Ɗantata ya bar rabin zuri'ar a waje.

A gefe guda kuma sunan ya fi masu shi yawo. Gadar Dantata da ke kan hanyar filin jirgin sama a Abuja ta sami sunanta daga kamfanin gine-ginen, kuma doguwar gadar sama ta titin Murtala Muhammad a Kano ma sunan Ɗantata aka sa mata. A bakin mutane ma sunan ya zama ma'aunin arziki, har akan ce wa mai fariya da kuɗi ko shi Ɗantata ne.

Kurakuran da ake yi wajen bin sawun sunan

Na farko a rubutu yake. Daidaitacciyar Hausa tana rubuta shi da ɗ mai lanƙwasa, amma fasfo da takardun banki da rajistar kamfanoni ba su da wannan harafi, sai ya koma Dantata. A tsofaffin takardun zamanin Turawa kuma ana iya cin karo da shi a rabe, Dan Tata, ko da karan ɗori a tsakani. Mai bincike a rumbun adana takardu na Kaduna ko a intanet sai ya gwada dukan siffofin, in ba haka ba wasu bayanan za su kuɓuce masa.

Na biyu shi ne maimaituwar sunaye. Hausawa suna mayar wa jariri sunan kakansa, saboda haka akwai Alhassan Ɗantata da Sanusi Ɗantata da Aminu Ɗantata fiye da ɗaya a tsara dabam-dabam. A cikin gida kuma ba a kiran irin wannan yaro da sunan yanka saboda kunyar mai sunan, sai a ce Abba ko Baffa ko Halifa, har ya girma mutane da yawa ba su san sunan da ke takardarsa ba. Rubuce-rubucen jarida sukan haɗa ayyukan kaka da na jika a kan mutum guda saboda wannan. Hanyar kauce wa ruɗanin ita ce a haɗa sunan uba da shekarar haihuwa kafin a danganta wani aiki ga wani.

Na uku, ba duk wanda aka ji ana kira da sunan ba ne ɗan gidan. Yaran kasuwa da direbobi da dillalan da suka daɗe suna yi wa gidan aiki akan ce musu wane na Ɗantata, da tafiya ta yi nisa sai "na" ɗin ta faɗi. Akwai kuma wanda abokai suka laƙaba wa sunan don yana da abin hannu a ƙauyensu. Ɗan gidan na haƙiƙa zai iya jero iyayensa maza ɗaya bayan ɗaya har zuwa ɗaya daga cikin 'ya'yan Alhassan, kuma jerin ba ya da tsawo: uba, kaka, wani lokaci kakan uba, sai a isa Sarari.