Waiwaye: Shekarar da asusun famfon sola ya rabe biyu

Tun watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse layin wutar da ke shigo mana daga Najeriya, zancen sola bai bar bakin mutanen Damagaram ba. An maido da wutar a farkon 2024, amma muhawarar ba ta kwanta ba. Ka zauna a kowace fada ta Sabon Gari ko Garin Malam bayan isha'i, ko ka buɗe rediyo lokacin da ake karɓar kiran masu saurare, tambayar guda ce: ƙasar da rana ke gasa ta rani da damina, me ya hana a zuba kuɗin hukuma mutane su samu fano, wato faifan sola, da batir da araha? Wasu na cewa a ɗauke wa talaka rabin kuɗin, kamar yadda aka sassauta farashin gas. Wasu na cewa a bar rabon ƙananan kaya, a gina mana babbar tashar sola irin ta Malbaza. Kowane ɓangare na magana kamar jiya aka fara wannan tunani. To, ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ruwan ya daɗe a randa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. A 1965 Nijar ta kafa hukumar binciken makamashin rana, ONERSOL, tun ƙasashe da yawa masu arziki ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagorance ta daga 1969 zuwa 1985, kuma a ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin dumama ruwa da na dafa abinci da zafin rana a cikin ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1960 ma an riga an kunna talabijin na koyar da 'yan lakkol da faifan sola. Fari na 1973 da na 1984 suka juya hankali wajen itace: aka yi taron Maradi na 1984 kan gurgusowar hamada, aka baza murhun Mai Sauƙi da maƙeran gida ke bugawa don rage cin itace, sannan dokar 1992 ta ba ƙauyuka ikon buɗe kasuwannin itace da riƙe wani kaso na harajin don kula da dajinsu. Duk wannan ana faɗarsa a wuraren taro.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne 1994. A ganina nan ne hanya ta karkata, kuma har yau a kan karkatar muke tafiya.

A farkon shekarun 1990 ƙungiyar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel, da kuɗin Tarayyar Turai, ta shiga kafa famfunan sola a ƙauyukan ƙasashen Sahel tara, har da Nijar. Tsarin yana da hikima, wasu masu furoje ma suka kwaikwaye shi. Mai ba da tallafi zai biya fano da famfo da shato, su kuma mutanen gari su kafa kwamiti, su riƙa sayar da ruwan, a tara kuɗin a asusu. Daga asusun za a biya mai gadi da mai gyara, a kuma ajiye abin da za a sauya famfon da ke cikin rijiya da ondilar, wato akwatin da ke juya wutar fano ta zama wadda famfo ke ci, ranar da suka gaji. An yi lissafin da kyau: bokiti kaza a rana, shekara kaza, zai isa sayen sabo.

A garinmu, kudu da Damagaram ta wajen Magarya, kawuna ne ma'ajin irin wannan kwamiti. Ni kuwa ina lakkol, don haka ni ke rubuta masa littafin. Ina tuna gwangwanin madara da mai tsaron famfo ke kawowa kowace magariba, cike da dala-dala masu laima. Kawu zai shimfiɗa buzu, ya zube su, ya jera su goma-goma, ya ce, “Ɗana, rubuta.” In an tara na wata, sai ya ɗaure a tsumma ya hau mota ya kai ajiya birni. Bai taɓa ranta wa kowa ko dala ba, har an yi ta jin haushinsa a kan haka.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗin Faransa guda da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Ba wanda ya taɓa tsumman Kawu, adadin da ke littafina bai ragu da ko tamma ba, amma duk abin da aka tara shi dominsa daga Turai yake zuwa. Famfon da ke ƙasan rijiya, ondilar, wayar da ke jure ruwa, babu ɗaya da ake yi a nan. Cikin dare ɗaya asusun shekaru ya koma rabin abin da yake.

Mutanen gari ba su gane haka nan take ba, domin ruwa na zuba. Sai bayan wasu shekaru, da ondilar ta ƙone, mai gyara ya zo ya faɗi kuɗin sabuwa. Kawu ya sa na karanta masa jimillar littafin sau biyu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce da mai gyaran, “Malam, ai da aka kafa mana shi ba haka aka ce ba.” Mai gyaran ya ce, “Baba, wallahi gaskiyarku. Kuɗin ne ya canza, ba ku ba.” Na ga dattijon ya naɗe littafin ya sa a aljihun riga, hannunsa na rawa, don ya san gobe za a ce ya ci.

Mai karatu na iya cewa to me ya hana a ƙara kuɗin ruwa tun farko? Wanda ya zauna ƙauye ya san amsar. Dala ita ce ƙaramin kuɗin da ke yawo a hannun mata. Ba a ƙara rabin dala. Daga dala sai dala biyu, wato ninki. Ranar da aka ce bokiti dala biyu, rabin matan gari za su ɗauki guga su koma tsohuwar rijiya ko tabki, kuɗin shiga ya ragu maimakon ya ƙaru, yara kuma su koma gudawa. Kwamiti ya shiga tsaka mai wuya: in ya ƙara a gudu, in bai ƙara ba asusu ba zai kai ba. Ba sata ce ta kashe famfonmu ba, ba kuma sakaci ba. Kuɗin shigarsa sefa ne, kuɗin gyaransa na waje ne, kuma ba a tanadi wata gada tsakanin biyun ba. Mai tallafi ya gama nasa tun ranar da aka yanke ƙyalle, wa'adin furoje ya cika, motocin sun tafi.

A wannan shekarar ta 1994 kuma aka kammala babban layin wuta daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Alheri ne babba, kada a yi mini mummunar fahimta. Birnin da ya saba da ƙugin injunan gazuwal ya samu kuran mai araha, masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara suka samu sana'a. Sai dai ka haɗa abubuwan biyu ka gani. A shekarar da kayan sola suka ninka kuɗi, a shekarar ce wutar waya ta zo da sauƙi. Ga kuma man Najeriya mai tallafi da 'yan ruwa-ruwa ke jerawa a kwalabe bakin kowace hanya, wanda ya sa ɗan gurup da injin ban-ruwa suka fi komai sauƙin riƙewa. Mai lambu a Gidimuni ko Matamaye da zai zaɓa tsakanin injin da kowane bakanike ke kwancewa da fanon da in ya lalace sai an jira wani daga nesa, ba ya buƙatar dogon tunani. Haka duk mai riƙe da lissafi, na gida ko na ƙasa. Sola ta koma abin da ake kai wa inda waya ba ta kai ba, kayan likitar ƙauye da firigon allurar rigakafi, abin da ake jira wani baƙo ya kawo. Ƙasar da ta fara da ƙera nata ta saba da karɓar na akwati, kuma kusan shekara 20 ba a horar da masu gyara gwargwadon buƙata ba, tunda ba kasuwar da za ta ci da su.

Ku lura da abin da bai mutu ba a wannan tsakanin. Murhun Mai Sauƙi bai damu da darajar sefa ba, don tsohuwar tukunyar ƙarfe da guduma ne jarinsa. Gawon da manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka riƙa bari yana tsirowa a gonakinsu har yankin ya sake yin duhu da itatuwa, bai jira kayan gyara daga ko'ina ba. Dajin Takeita, da mutanen kewayensa suka karɓi kula da shi, haka. Duk abin da ake biya da sefa kuma ake gyara shi da sefa ya rayu.

Daga nan labarin ya yi sauri. Matatar mai ta SORAZ da ke arewa da birni ta fara aiki a ƙarshen 2011, gas ya zama na gida, aka tsaida ƙaramar tukunya mai kilo 6 a kan sefa 1,800, jikka biyu ba dala arba'in, gidaje da yawa a birni suka rage itace. A 2013 aka kafa hukumar kai wuta karkara, ANPER. A 2017 aka ɗauke wa kayan sola na gida kuɗin duwan, Bankin Duniya kuma ya sa kusan dala miliyan 50 ta Amurka a shirin NESAP na faɗaɗa wutar sola, wanda ya haɗa da bashi ga masu shigo da kayan. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta tashi a 2018, shirin Haske na faɗaɗa samun wuta, mai dala miliyan 317.5 ta Amurka, ya biyo a ƙarshen 2021, ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai ta zo a 2023. A duniya kuma farashin fano ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ba za a ce ba a sa kuɗi ba. Duk da haka har yanzu waɗanda ke da wuta a Nijar ba su kai mutum 1 cikin 4 ba, kuma galibin gidajen ƙasar da itace suke girki.

Sai 2023 ta zo ta zare ginshiƙan nan biyu, mai mai araha da wutar waya, kusan tare. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta cire tallafin mai, kwalbar bakin hanya ta yi tsada. A Agusta layin wuta ya tsaya. A Damagaram kuwa rashin wuta rashin ruwa ne, domin birnin a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza da Ganaram, kuma injin ke turowa. Wanda ya ga layin bido a Kara-Kara cikin watan Afrilu ya san ba zancen fanka da talabijin kawai ake yi ba.

Shi ya sa nake jin ciwo idan muhawarar yau ta tsaya kan wa zai biya kuɗin saye. Fano yanzu shi ne mai araha a cikin kayan, kuma yana kai shekara 20 yana aiki. Batirin ruwa a zafinmu da ƙyar yake wuce shekara 2 ko 3. Ondilar na ƙonewa, ƙurar hunturu na rufe fano ta rage masa ƙarfi in ba a goge ba. Ka leƙa wajen masu sayar da kayan wuta a Kasuwar Dole: kaya sun cika, masu kyau da na bogi a jere, mai saye ba shi da hanyar bambancewa sai ya kai gida. Na san mai sayar da ƙanƙara da ya ci bashi ya haɗa sola bayan yankewar wuta, bai cika shekara biyu ba batiran suka kwanta, ga bashi bai ƙare ba. Tsohon firigonsa mai zuƙar wuta shi ya cinye su. Da an fara taimaka masa ya sauya firigon, da rabin kayan sun ishe shi. Irin wannan tallafin, na rage cin wuta, da na tantance kaya a bakin iyaka, da na koya wa samari gyara a ba su kayan aiki, da asusun da zai tsaya wa kwamitin ƙauye ranar da canji ya juya masa baya, ba shi da ranar buki, ba a ɗaukarsa hoto, shi ya sa ko a fada ba ka jin ana neman sa.

Bara na je gida. An sake kafa sabon famfon sola a gefen tsohon, wani furoje ne ya kawo, ruwa na zuba, mata na murna. Tsofaffin faifan nan na zamanin Kawu har yanzu suna kan ƙarafunansu, wani yaro ya ja waya daga guda biyu yana cajin salula. Kawu ya rasu, jikansa ne ma'aji yanzu, a cikin waya yake rubuta lissafinsa. Na tambaye shi ko an gaya musu nawa sabuwar ondilar take, da inda za su same ta. Ya ce, “Baba, an dai ce mu riƙa tarawa.”