Thomas Odhiambo

Thomas Risley Odhiambo masanin ƙwari ne ɗan ƙasar Kenya. An haife shi a Mombasa a 1931, ya rasu a Nairobi a watan Mayun 2003. An fi saninsa da kafa cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE, wadda ya riƙe sama da shekara 20.

Karatu

Ya yi makarantar Maseno, daga nan ya wuce Kwalejin Makerere a Yuganda, ya ɗan yi aiki a ma'aikatar gona ta can kafin ya tafi Jami'ar Kambirij a Ingila. A can ya yi digirin digirgir a 1965 a hannun Vincent Wigglesworth, kuma binciken nasa a kan hayayyafar farar hamada ne, irin farar nan da in ta sauka a gona sai dai manomi ya rungume hannu.

Cibiyar ICIPE

Nan ne fa asalin aikinsa. A 1967 ya yi rubutu a mujallar Science yana cewa Afirka ba za ta ci gaba da jiran a yi mata bincike daga waje ba, dole a gina cibiyoyi masu ƙarfi a gida inda masanan duniya za su zo su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan ƙasa, kuma maganar ta shiga kunnen Carl Djerassi masanin kemistiri a Amurka, shi ma ya sa hannu, har aka buɗe cibiyar a Nairobi a 1970. Abin da suka sa a gaba shi ne ƙwarin da ke cutar talaka: ƙudan tsando, sauro, kaskar shanu, da tsutsar da ke huda karan masara da dawa. Shi bai yarda feshin magani kaɗai ne mafita ba, tunda ƙaramin manomi ba shi da kuɗin saye, ga ƙwarin ma suna sabawa da shi. Gara a san yadda ƙwaron yake rayuwa tukuna. Wajen 1983 cibiyar ta fara horar da ɗaliban Afirka masu neman manyan digirori, kuma wannan ɓangaren ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi. Tashar bincikensu ta Mbita a bakin Tafkin Biktoriya yanzu sunansa take ɗauke da shi.

Ya sauka a 1994 lokacin cibiyar na cikin matsin kuɗi, akwai saɓanin ra'ayi kan yadda abin ya faru. Hans Herren ne ya gaje shi.

Sauran muƙamai

Yana cikin waɗanda suka kafa TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, a 1983 tare da Abdus Salam masanin kimiyya ɗan Pakistan, kuma shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Afirka daga 1985. A 1987 shi da Abdou Diouf shugaban Senegal na lokacin suka raba lambar yabo ta yaƙi da yunwa a Afirka. Ya kuma rubuta littattafan kimiyya na yara.