Lafiyar ƙwaƙwalwar matasa

Lafiyar ƙwaƙwalwar matasa ita ce halin da yaro ko yarinya masu tasowa suke iya ɗaukar nauyin rayuwar yau da kullum: su yi karatu ko sana'a, su zauna da mutane lafiya, ransu ya ɓaci kuma ya huce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wannan zango daga shekara 10 zuwa 19, kuma ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu waɗannan shekaru yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin a wuce shekara 14, sai dai galibi ba a gane su sai bayan shekaru. A bakin jama'a, da an ce ciwon ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi ga mahaukacin da ke yawo a kasuwa. Alhali mafi yawan masu larurar suna cikin gida da aji, sanye da tufafinsu tsaf.

Abin da ke faruwa lokacin balaga

Sassan ƙwaƙwalwa ba sa nuna a lokaci guda. Ɓangaren da ke kula da sha'awa da tsoro da fushi yana ƙarfi tun farkon balaga, amma na gaban goshi, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Wannan giɓi shi ne tushen gaggawa da saurin fushi da biye wa abokai da ake gani a samartaka. Agogon barci ma yana sauyawa: sinadarin melatonin, mai kawo barci, yakan jinkirta fitowa da kusan awa biyu, shi ya sa saurayi kan kasa runtsawa da wuri, ya kuma yi nauyin tashi da asuba. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan lalaci ne tsagwaronsa.

Bambance ƙuruciya da ciwo

Likitoci suna duba abu uku: daɗewar alamar, irin ɓarnar da take yi wa harkokin yaro, da kuma ko akwai haɗari ga rai. Ɓacin ran kwana biyu bayan faɗuwa jarrabawa ba ciwo ba ne. Ana zargin ciwon damuwa idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin abin da a da ake so ya kai mako biyu, kusan kullum, tare da wasu alamu: rashin barci ko yawansa, raguwar cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba shi da amfani, ko tunanin mutuwa. A matasa ciwon yakan fito da fuskar ƙunci da tsiwa maimakon kuka, don haka sau da yawa bulala ce take fara isa gare shi kafin magani.

Ciwon fargaba shi ne tsoro mai wuce kima da ba ya lafawa, har ya hana zuwa makaranta ko shiga mutane. Wani lokaci yakan taso farat ɗaya: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya ji kamar ajalinsa ne ya zo, sannan abin ya lafa cikin mintuna.

Matashi a ƙasar Hausa da wuya ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Abin da zai kawo shi ne ciwon kai, zafi a tsakar ka, jiri, ko ya ce wani abu yana yawo a jikinsa. Tun 1960 likita Raymond Prince ya bayyana irin wannan a ɗaliban Najeriya masu ƙorafin gajiyar ƙwaƙwalwa da kasa riƙe karatu. Ciwon jikin na gaske ne, ba ƙarya yaron yake yi ba. Amma idan an sha maganin zazzaɓi da na taifot sau uku ba sauƙi, gwaji kuma bai nuna komai ba, ya kamata a tambayi abin da ke cin zuciyarsa. Haka nan dole a fara kawar da cututtukan jiki masu kama da damuwa, musamman ƙarancin jini a 'yan matan da suka fara al'ada, da matsalar maƙoƙo, da farfaɗiya.

Abubuwan da ke jawo larurar

Ba kasafai dalili ɗaya ke kawo ta ba. Akwai gado, akwai duka da zagi a gida ko a makaranta, fyaɗe, mutuwar iyaye ko rabuwarsu, talauci, aure da haihuwa da ƙananan shekaru, da gudun hijira saboda rikici. Shaye-shaye kuwa yana shiga ta fuska biyu, yakan zama sanadi, yakan kuma zama maɓoyar wanda damuwa ta riga ta kama. Binciken 2018 kan shan ƙwayoyi a Najeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna sha, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wiwi tana ƙara haɗarin taɓin hankali ga wanda ya fara ta da ƙuruciya, tiramol mai yawa kuma yana iya jawo jijjiga.

Kariya ta yau da kullum

Mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi sallar asuba da ƙarfe biyar, ke nan kwanciyarsa ta kama wajen tara na dare, ko ya cike giɓin da ƙailula. A ajiye waya kamar awa guda kafin kwanciya, a kuma bar shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari tun daga la'asar. Motsa jiki na minti 60 a rana, ko ƙwallo ne ko tafiyar sauri ko aikin gona, yana rage damuwa. Idan fargaba ta taso, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, a maimaita na minti biyu zuwa biyar. Tsawaita fitar numfashi ne ke sassauta bugun zuciya.

Babbar kariya ita ce samun babba guda da yaro zai iya gaya wa magana. Kunya kan hana ɗa buɗe cikinsa ga mahaifi, ballantana ɗan fari, amma kaka da ake wasa da ita, ko goggo, ko kawu, ko malamin da aka saba da shi, suna iya jin abin da iyaye ba za su ji ba. Mai sauraro ya zaɓi wuri ba idon jama'a, ya faɗi abin da ya lura da shi, kamar "na ga kwanan nan ba ka cin abinci", sannan ya yi shiru. Saurin cewa "ka yi haƙuri" ko "me ka rasa a gidan nan" yana rufe bakin yaro nan take.

Magani da alamun gaggawa

A garzaya asibiti a ranar idan matashi ya ambaci kashe kansa, ko yana yankar jikinsa, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana biyu ba barci yana surutai. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kulle magunguna da maganin ƙwari da makamai. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, ana haɗa su. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa da sunan fitar da iska kuwa rauni kawai yake ƙarawa.

Matakin farko na magance damuwa da fargaba shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa matashi gane tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci da komawa ayyukansa kaɗan-kaɗan. Idan ciwon ya yi tsanani likita na iya rubuta wani maganin damuwa mai suna fluoxetine. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, ana sa ido sosai a makonnin farko domin tunanin cutar da kai na iya ƙaruwa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sassan masu wannan larura a asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ita ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.