Motocin da ke yanke ta unguwanninmu a Makka da Jidda: tambayoyi da amsoshi

Layinmu ba kasuwa, ba ofis. Me ya kawo motoci haka?

Yanke suke yi. Babban titi ya cushe, ko danja ta daɗe ba ta ba da hannu ba, sai direba ya karkata ta ƙofar gidajen mutane. A da ɗan unguwa kaɗai ya san waɗannan lunguna, yanzu Google Maps na nuna wa har baƙon da ya sauka jiya. Abin ya fi ƙamari da azumi, dab da magariba: kowa na sauri ya riski buɗa-baki a gida, a daidai lokacin da ake aiken yara kai abinci maƙwabta.

Gudun kilomita 50 ai bai kai a yi magana ba?

A cikin unguwa ya kai. Motar da ke gudun 50 a awa tana shafe kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda, tun ƙafar direba ba ta isa birki ba. Mai gudun 30 kuwa mita 8 ne da 'yan kai. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata yakan ninka huɗu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar 30 a duk inda mutane da motoci ke cuɗanya. Ka duba layinku da yamma: motoci a fake hagu da dama, yaro ya ɓullo daga tsakaninsu yana bin ƙwallo, kansa bai ko kai tsayin madubi ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu a nan tuƙi ne sana'armu, mu ma muna yanke ta layin wasu.

Sahir ba ta kama su ne?

Kyamarorin Sahir, masu kama laifin tuƙi, da suka fara aiki a 2010, akasari suna manyan tituna da wuraren danja. Direba ya san lungu ba ido, shi ne yake taka mota.

Mu haɗa kuɗi mu zuba siminti, mu yi namu tudun rage gudun?

Kada ku yi. Maɗabb, kamar yadda ake kiransa a nan, aikin baladiyya (hukumar birni) ne da Murur ('yan sandan hanya). Wanda aka yi ba izini saɓa doka ne, ana kuma iya rushe shi. Banda haka, tudun da ba fenti ba alama yakan kayar da mai babur da dare, ya kuma jijjiga mara lafiya a motar asibiti.

To ina za mu kai kuka?

A kira baladiyya a 940, ko a shigar da ƙorafi ta manhajar Balady. Wannan ba na 'yan ƙasa kaɗai ba ne, mai iƙama, wato takardar izinin zama, ma yana da dama. A faɗi sunan layi da lokacin da motocin suka fi yawa, a ambaci makaranta ko masallacin da ke kusa. Ya fi kyau magidanta da dama su yi, a kuma sanar da umda, wato mai unguwa. Idan samari ne ke wasa da mota, wato tafhiɗ, a kira 911 nan take. Tarar karon farko riyal 20,000 ce.